Ranar da Na Sume a Gaban Kuɗin Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini komai, da ranar da na raka surukina banki a Gaya.

Ni malamin firamare ne a Kademi. Surukina kuwa, mahaifin matata Hauwa, mutumin Gafasa ne, kuma sana'arsa sayen riɗi. Duk kaka yakan saye na manoman yankin Ajingi ya loda zuwa Kano. Manoman nan ba ruwansu da zancen "an turo maka ta waya". A hannu suke so, su gani, su taɓa, su cusa a aljihu. Lokacin ban daɗe da aure ba, ko muryarsa na jiyo daga nesa sai in fara laluben wurin durƙusawa.

Wata ranar Lahadi Hauwa ta miƙo mini waya, ta ce Baba ne.

"Malam, yaran nan duk sun bazu ƙauyuka awo," in ji shi. "Ko za ka raka ni banki gobe? Kai ne ɗan boko, sai ka taya ni duba takarda."

Na ce, "To Baba, ai wannan ƙaramin abu ne." (Ƙaramin abu fa! Ni da iyakar hulɗata da banki ita ce tsayawa gaban mai POS a bakin kasuwa ina addu'ar kada a ce babu sabis.)

Da safe na nemi izini a makaranta, na ɗauko shaddar aurena, na kafa hula, na soka biro biyu a aljihun gaba. Baba ya iso a a-kori-kurarsa da direba, sanye da wata koɗaɗɗiyar riga da silifas, ya naɗe buhuna biyu a hammata. A raina na ce wataƙila albasa zai saya a kan hanyar dawowa.

Muna isa na ga layi har waje, na gyara tsayuwa zan bi. Sai mai gadi ya ƙame wa Baba, manaja da kansa ya fito yana cewa, "Barka da zuwa Alhaji, tun da ka sanar da mu muka haɗa komai." Ashe irin wannan kuɗi sai an faɗa musu tun da wuri. Aka wuce da mu wani ɗaki can ciki, mai sanyi kamar cikin randa. Aka miƙo takarda, Baba ya turo mini. Na zaro biro, na bi lambobin, na sake bi. Sannan na sunkuya na yi ƙasa da murya.

"Baba, kamar an yi kuskure. Sifilin ya yi yawa."

Ya ce, "A'a Malam, haka yake."

Kafin in gama haɗiye wannan, aka turo wani ɗan keke mai taya huɗu. Jama'a, na ga kuɗi. Ba irin wanda ake ninkewa a sa a aljihu ba. An jera su ne kamar bulo, wasu a cikin leda ko buɗewa ba a taɓa yi ba, 'yan dubu-dubu a ƙasa, 'yan ɗari biyar da ɗari bibbiyu a sama saboda canji. Ashe kuɗi idan suka taru har ƙamshi suke yi, wani ƙamshi kamar na sabon littafi. Wata ma'aikaciya ta kunna injin ƙirga, ya kama ruri kamar ruwan sama a kan kwano. Na tsaya baki buɗe. Na tuna rufin ajinmu da ke yoyo, na ga ɗauri ɗaya zai gyara shi har a yi fenti. Na tuna babur ɗina da sai an tura. Baba kuwa goro ya ɓare, yana ta hira da manaja a kan tsadar taki, ko kallon wurin bai yi ba.

"Malam, riƙe mana bakin buhun."

Na riƙe. Ana zubawa, buhu yana nauyi, kunnuwana suna ƙara, gumi yana karyo mini a cikin wannan sanyi. Sai na ji ma'aikaciyar ta ce, "Alhaji, wannan rabi ne, ana turo sauran."

Iyakar abin da na ji ke nan.

Na farka a ƙasa, shadda sharkaf da ruwan leda, hulata a ƙarƙashin tebur. Mai gadi ya ɗaga ƙafafuna sama, ma'aikaciyar tana yi mini fifita da kwali. Kaina kuwa a kan cinyar Baba yake, yana tofa mini addu'a. Surukina! Mutumin da ban taɓa yarda mun haɗa ido ba! Abin da ya fi muni, na ƙanƙame wani ɗaurin 'yan dubu-dubu a ƙirji, an yi an yi in saki na ƙi. Kuma wai (ni dai ban tuna ba, amma shaidu sun yi yawa, har da direba da ya shigo ɗaukar buhuna) maganar farko da ta fito daga bakina ita ce:

"Hauwa, rufe ƙofa, mun yi arziki."

Sai manaja ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa. Ma'aikaciyar ta toshe baki da kwalin. Baba ya sa hannu a hankali ya ɓamɓare yatsuna.

"Sake su, Malam. Na mutane ne, suna can suna jiranmu tun safe."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na yi mata godiya. Muka fito ta tsakiyar jama'a, direba da mai gadi ɗauke da buhuna, ni a baya ina ɗigar ruwa. Wata tsohuwa a layi ta dube ni da tausayi ta ce, "Sannu ɗana, kai ma naka ne suka maƙale?"

A mota ban ɗaga kai ba. Da muka fita gari Baba ya sa aka tsaya, ya sayo mini ƙosai da kunu. Ya ce, "Ci, Malam. Ni ma ranar da na fara ganin irinsu, da zazzaɓi na koma gida." Ban sani ba ko gaskiya ne ko rufa mini asiri yake yi, amma Allah Ya saka masa.

A Gafasa manoma sun cika gindin wata tsamiya. Baba ya zauna a tabarma yana kiran suna, kowa ya karɓi nasa. Wannan ya ce zai sayi kwanon rufi, wancan zai kai mahaifiyarsa asibiti, wani zai mayar da 'yarsa makaranta. Kafin la'asar, tsaunin nan da ya kayar da ni ya narke a aljihunan mutane. Baba ya kakkaɓe buhunan, ya naɗe su, ya tashi ya yi alwala. Wallahi wannan ya fi abin da na gani a banki ba ni mamaki.

Na koma gida ina fatan labari bai riga ni ba. Na manta direba yana da waya, kuma matarsa ƙawar Hauwa ce. Ta tare ni a tsakar gida, ta karɓi hulata da ladabi, fuska ba alamar dariya.

"Sannu da zuwa, Malam. In rufe ƙofar yanzu, ko sai ka huta?"

Tun daga ranar na gyara addu'ata. Kafin in roƙi Allah dukiya, sai na fara roƙonsa ƙafafun da za su iya tsayuwa a gabanta.