Maganin Ƙulun Goshi

Wani ne a unguwar Wambai ya sami aikin gadi a Abuja, aka ce ya kawo fasfo ranar Litinin. Don murna ya fito da gudu, ya gwabza goshi da ƙyaure. Nan take ƙulu ya tashi kamar gauta.

Ya je wajen mai hoto. Mai hoto ya leƙa kyamara ya ce, "Oga, fasfo na mutum ɗaya ne. Ku biyun wa zan fara ɗauka?"

Hankalinsa ya tashi, sai gidan maƙwabcinsa Akinola, malamin kimiyya a sakandare.

"Ticha, taimake ni, aiki zai kuɓuce!"

Akinola yana sauri zai fita, ya ce, "Sa ƙanƙara. Ka ga da a Turai ne, akwai wani abu, dezi, masu bincike sun ce yana taimaka wa rauni."

Gogan naku bai tsaya jin ƙarshe ba, sai gidan mai da gwangwani.

"A ba ni dizal."

"Na janareto ko na mota?"

"Na goshi."

Ya shafe goshi tas. Ido ya yi ja, fata ta ɗau raɗaɗi. Da ya shiga gida, matarsa Lauratu ta ɗauke kaskon ƙosai ta yi baya.

"Malam, kada ka matso murhun nan! Ba yau na shirya takaba ba."

Ya buga wa Akinola waya. "Ticha, dizal ɗinka ya dafa ni!"

"Wane dizal? Dezi na ce! Fure ne, fure!"

Layi na yankewa. Gogan ya ce, "Au, to, na gane."

Ya tari mai nono a bakin tasha, ya sayi fura curi uku, ya dame, ya yaɓa a goshi, ya ɗaure da ɗankwalin Lauratu.

Washegari Akinola ya gan shi tafe, ƙudaje na yi masa rakiya, tsami na tashi, ƙulu kuwa ya haifi ƙane.

"Subhanallahi! Mene ne wannan?"

"Furar da ka ce."

Akinola ya dafe kai. "Bawan Allah, fure! Ɗan farin fure mai rawaya a tsakiya. Ko a Suleja ban taɓa ganinsa ba. Kuma binciken da na karanta ma a kan ɓeraye aka gwada."

Mutumin ya tafa hannu.

"Ɓeraye? Shi ya sa tun jiya suke hawa goshina suna lasa. Ashe maganinsu na ɗauko!"