Teku a Bangon Inna

Ko na tsufa har haƙorana sun zube, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yaye zana daga bangon Inna ba.

Inna ita ce malamarmu a 'Yandoto. A tsakar gidanta muke karatun allo, mu 'yan mata. Ran Alhamis da ba a ɗaukar allo, sai ta ciro wasu tsofaffin takardu daga gafaka, gara ta ci gefensu, ta rera mana wata doguwar waƙa ta ajami. Wani daga cikin kakanninta ne ya tsara ta a kan tafiyarsa hajji a ƙafa. Idan ta fara, ko tari ba a yi. Ga rairayin da ba shi da iyaka, ga taurarin da ayari ke bi, ga rijiyar da aka tarar ta ƙafe. Sai kuma teku. Waƙar ta ce ruwa ne da ido ba ya ganin ƙarshensa, yana numfashi kamar mai barci, kuma duk yawansa ba ya kashe ƙishi saboda gishiri. Ni da ban san ruwan da ya fi tafkin bayan gari ba, sai in kwana ina juya wannan magana.

Bayan kaka aka yi wa bangon rumfarmu sabon yaɓe. Inna ta ce mu ɗora waƙar a kansa, kowace yarinya da nata yanki, domin yayarta Goggo Hajiya za ta zo daga Bungudu, kuma ita ta taka wannan hanya da ƙafarta ta dawo. Ta ce waɗanda aikinsu ya nuna sun saurara, za ta fara koya musu karanta takardun da kansu. Ban gaya wa kowa ba, amma babu abin da nake so a duniya kamar in taɓa takardun nan.

Sharaɗi ɗaya ta kafa: ban da zanen mai rai. Don haka Ladi, ƙawata mai baki kamar ganga, da aka ba ta ayarin raƙuma, sai ta dangwala sawunsu kawai da jar ƙasa, suna tafe suna ƙanƙancewa har suka ɓace. Wata yarinyar ta yi taurari da farar ƙasa a kan baƙin tukunya. Ni aka ba ni teku (ina jin don ni kaɗai ce ban buɗe baki na zaɓi komai ba).

Na samo shuni, na dama da ƙaro don ya yi sheƙi, na ja layuka masu lanƙwasa da yatsuna. Ya yi kyau, amma raina bai kwanta ba. Ai waƙar ta ce da gishiri. Na lallaɓa ɗakin mahaifiyata, na ɓanɓaro rabin kantun gishirin da take tattali kamar ƙwai, na daka, na zuba a shunin, na sake shafe tekun tun daga sama har ƙasa. Da ya bushe sai ya riƙa ƙyalli a rana. A zuciyata na ce yau an ga mai saurare.

Ranar da Goggo ta iso, matan unguwa suka cika gidan bayan la'asar. Aka zaunar da ita a kan buzu, aka yaye zanar da muka rufe bangon da ita. Wallahi ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi. Guntayen ayyukanmu sun haɗe sun zama hanya guda, daga ƙofar gida har gaɓar ruwa. Inna ta fara rerawa tana bin bangon da sanda. Goggo ta yi tagumi, hawaye na bin kuncinta, tana ta “Allahu Akbar” a hankali.

Daidai an zo baitin teku, awakin Inna suka dawo daga kiwo.

Ba su kalli dusa ba, ba su kalli kwatarniyar ruwa ba. Suka ratsa cikin mata suka nufi yankina kai tsaye. Wata jar akuya ta ɗora ƙafafu a bango tana lasa ido rufe. Aka kora, suka dawo. Ba su taɓa taurari ba, ba su taɓa rairayi ba.

“Jama'a, ku tare!” in ji Ladi. “Awaki za su shanye teku, alhazai su ƙetare a ƙafa!”

Gida ya ɗauki dariya. Goggo ta miƙe da sandarta, ta dangwali bangon, ta kai yatsa baki.

“Wa tay yi wanga aiki?”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ladi (Allah ya saka mini) ta ɗaga hannuna sama, shuɗi har gwiwar hannu.

“Ke ɗiya, mi kinka zuba ciki?”

“Gishiri, Goggo.” Ni kaina da ƙyar na ji muryata. “Waƙar ce ta ce.”

Ta dube ni, ta dubi akuyar da gemunta ya rine, sai dariya ta ci ƙarfinta har aka riƙe ta.

“Na gaskiyar ya hi wanga ɗaci,” ta ce tana share ido. “Amma dai ke kin ji abin da anka ce. Ki ba ta takardun, Inna. Sai dai kada ki karanta mata baitin wuta, kar ta ƙone muna gida.”

Alhamis ɗin da ta biyo baya na riƙe takarda ta farko. Ba a zaune na karanta ta ba, don a daren wancan taro mahaifiyata ta nemi gishirin miya, ta tarar rabin kantu ya tafi, ta ɗauko tsumagiya.

Abin da na koya shi ne, saurare da kyau abu ne mai kyau, amma duk mai son yin teku na gaskiya a gidan da ake kiwo, ta fara ɗaure awaki.