Anko Mai Kala Shida

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na rangaɗa guɗa a ɗakin shan shayi na wani asibiti a Doha ba, ina sanye da ankon bikin da babu shi. Har yau idan abin ya faɗo mini ina tuƙa tuwo, sai in ajiye muciya in rufe fuska, alhali ni kaɗai ce a kicin.

Bari in fara da halina, don shi ya jawo komai. Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Zariya, kuma a danginmu ni ce uwar biki. Ni ke maganar rumfa da kujeru, ni ke rigima da direbobin bas, ni ke zaɓen anko. Sannan ina da son sanin abin da bai shafe ni ba. (Maigidana yakan ce kunnena yana riga ƙafata shiga ɗaki. Ban taɓa musa masa ba.)

A wani asibitin kuɗi da ke unguwar Al Sadd nake aiki, kuma a nan na haɗu da Lorna, wata nas 'yar ƙasar Filifin. Ba sunanta na gaskiya ba ke nan, za ku ga dalili. Korona ce ta haɗa mu. Tare muke yini cikin rigar leda da takunkumi muna zura wa mutane tsinke a hanci, jirage sun tsaya, babu mai zuwa gida a cikinmu. Da cutar ta kwantar da ni aka killace ni, ita ce take ajiye mini miyar kaza a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa, ta koma nesa ta tsaya har sai ta ga na ɗauka. Tun daga nan take ce mini Mama. Na san albashinta ke riƙe da mahaifiyarta mara lafiya da ƙaninta mai karatu, kuma zamanta a ƙasar, kamar namu duka, a hannun asibitin yake. Ranar da suka ce khalas, wato an gama, sai filin jirgi.

Abu ɗaya ne ban sani ba, kuma shi ya hana ni sukuni. Akwai wani siririn zobe a yatsarta. Na taɓa tambayarta na waye, sai ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Na ce a raina, Allah sarki, ashe su ma suna da kunya irin tamu.

Ana gab da fara gasar ƙwallon duniya a nan ƙasar sai Lorna ta shiga yawan waya. Kullum lokacin hutun cin abinci tana kusurwa tana magana da yarensu. Ni ba na jin yaren, amma suna tsarma Turanci a ciki, kuma kunnena ba ya hutu. Na ji bas. Na ji lasifika. Na ji ruwan roba, da rumfa, da izinin 'yan sanda. Jama'a, ku gaya mini, wace uwar biki ce za ta ji waɗannan a jere ba ta gane ba?

Na matsa kusa na ce, "Lorna, taro kuke shiryawa a gida?"

Ta ɗan daburce, ta ce, "Ɗan ƙaramin taro ne, Mama."

Ban ƙara tambaya ba, don a wurinmu amarya ba ta sanar da aurenta da bakinta, kuma babba ba ya titsiye ta. Sai kawai na shiga ba ta ilimin da na tara. Na ce kada a biya direbobi duka sai sun dawo da mutane. Na ce idan ana son jama'a da hantsi, a ce musu da sassafe. A nemi lasifika biyu, don ɗaya sai ta mutu. Abinci kuma a bar shi sai ƙarshe, in ba haka ba da an ci za a watse. Da farko tana kallona kamar mai tsoro, daga baya ta koma tana tura abin da na faɗa a waya tun ban rufe baki ba. Wata rana ta ce mutanensu suna tsoron ba za a gane su waye 'yan taro ba, na ce ai wannan mai sauƙi ne, kowa ya sa kaya iri ɗaya.

Bayan wasu kwanaki na leƙa ta kafaɗarta (eh, na leƙa) na ga hoto a wayarta: riguna jibge a kan tebur, masu ratsin ja, da ruwan lemo, da rawaya, da kore, da shuɗi, da shunayya. Wata mace mai gajeren gashi tana ɗaga ɗaya tana dariya. Na ce wannan ita ce babbar ƙawar amarya. Kalar kam ta yi mini hayaniya, amma kowace ƙasa da irin idonta.

Da ta ce mini ranar Asabar ne taron, na duba na ga tana da aiki ranar, don an hana kowa hutu sai an gama ƙwallo. Wannan ma bai ɗaure mini kai ba. Mu ma amarya ba ta zuwa wurin ɗaurin aure, waliyyinta ke tsaya mata. Tausayinta ne ya kama ni: a ɗaura wa yarinya aure tana nan tana auna hawan jinin baƙi, babu lalle, babu mai yi mata guɗa. Na rantse ba za a yi haka ina raye ba.

Na samu Adiza, wata 'yar zangon Kumasi da ke kula da wankin asibitin, sa'ata ce kuma abokiyar gulmata. Na zana mata kalolin a iska. Ta ce, "Hajiya, yarinyan nan ya ɓoye muna aure? Amma kalan nan, kamar na gan shi a telebijin."

Na ce, "To ai duk abin da ake yayi a talabijin ake ganinsa."

Na zaga shagunan yadi ban samu mai ratsin ba, sai na sayi kowace kala daban na kai wa wani tela ɗan Bangaladash ya haɗa. Ya jera yadin a kan tebur, ya dube shi, ya dube ni da hijabina har gwiwa, ya ce, "Madam, kin tabbata?" Na ce masa ɗinki na kawo, ba shawara na zo nema ba. Mutum biyu ke nan Allah ya aiko mini, na kore su duka. Ni ba na kallon labarai, ƙwallo kuwa ban san gabanta da bayanta ba. Na dai ji ana ta cece-kuce a kan wani ƙyalle da 'yan wasa ke son ɗaurawa a hannu, na ɗauka rigimar maza ce.

Ranar Asabar muka shigo da ankonmu a ƙarƙashin abaya. Na soya cincin, na haɗa zoɓo, Adiza ta dafo wake da shinkafa irin na garinsu. Da lokacin hutu ya yi ɗakin shayi ya cika, har da Matiron, shugabarmu, wata Balarabiya da ba a cika ganin haƙoranta ba. Lorna na zaune da kofin shayi tana ta duba waya. Na yi wa Adiza ido, muka yaye abaya a tare, na toshe hanci na saki guɗa irin wadda ake ji daga Tudun Wada har Sabon Gari.

Na ce, "Amarya, mun gano ki. Yau sai kin nuna mana hoton ango."

Mutum biyu suka fara tafi, suka ga babu mai taya su, suka daina. Wani likita ya ajiye cokali a hankali. Matiron ta dube mu daga wuya har ƙafa, ta ce, "Sista, wa ya ba ku wannan kalar?"

Na buɗe baki cike da alfahari. Na ce, "Ai a wayar..." sai idona ya faɗa kan Lorna. Kofin ya karkace, shayi mai zafi yana zuba a bayan hannunta, ba ta ko motsa ba. Na daɗe a aikin jinya, na san fuskar mutumin da ke jiran a karanta masa mummunan sakamako. Ban san me na taka ba, amma na san idan na ƙarasa da sunanta wani abu zai fashe a kanta.

Na ce, "A wayata na gani, ta burge ni." (Allah ya yafe mini wannan.)

Matiron ta ce, "Kin san ma'anarta?"

Na ce bakan gizo ne.

A gaban kowa, a hankali kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya, ta bayyana mini cewa tutar masu neman a bar mace ta auri mace, namiji ya auri namiji ce, kuma ita ake ta karɓewa a hannun 'yan kallo a ƙofar filayen wasa. Ta ce da mun bi titi a haka, da sai dai ta je ofishin 'yan sanda neman mu. Na dubi jikina. Ni, hajiya, mai jikoki, na saka tela ya yi mini tuta har da dogon hannu. Adiza ta ce, "Innalillahi," ta nutse cikin abayarta, ta bar ni tsaye ni kaɗai da tiren cincin.

Matiron ta juya ga Lorna ta ce, "Auren fa?"

Na yi wuf na ce babu wanda ya ce mini ana aure, zobe kawai na gani na yanke hukunci. Lorna ta ce a hankali, "Na kakata ne." Sai Matiron ta fashe da dariya, irin wadda ba mu taɓa ji ba, har tana dafa bango. Ɗaki ya ɗauka. Na tsaya suka yi mini dariya son ransu, kuma a karon farko a rayuwata ban kare kaina ba, don na lura muddin ni ake kallo, babu mai kallon Lorna.

Bayan an watse na same ta a matattakalar baya tana sa wa hannunta ƙanƙara. Na zauna kusa da ita, na ce, "Taron me na taya ki shiryawa?"

Ta gyara ƙanƙarar a kan hannunta. Sannan ta ce zanga-zanga ce, a gaban ofishin magajin garinsu, ta neman a canza dokar da ta hana irinsu yin aure. Matar da na gani a hoto malamar makaranta ce, kuma ita ta sa mata zoben. Lokacin korona malamar ta kwanta a asibiti rai a hannun Allah, Lorna ta yi ta buga waya daga nan, ana ce mata ba a ba da bayanin mara lafiya sai ga dangi. Sai na tuna ranar da na tarar da ita tana kuka a sito tsakanin kwalayen takunkumi, ta ce mini ciwon kai ne, ni kuma na ba ta magani na wuce.

Tambayoyi sun cika mini baki, wasu ma na yi su: ko mahaifiyarta ta sani, ko 'yan sandansu suna barin irin wannan taro, ko limaman cocinsu me suke cewa. Ta amsa wasu, ta bar wasu. Daga ƙarshe na gaya mata gaskiyata. Na ce, "Lorna, kin san addinina. Da na san abin da ake haɗawa, da ban sa baki ba."

Ta ce, "Na sani, Mama. Shi ya sa ban faɗa miki ba." Ta ɗago ta dube ni. "Za ki gaya wa Matiron?"

Na tuna miyar kazar nan a bakin ƙofa, da tsohuwar da ke jiran magani daga albashin wannan yarinya. Na ce, "Ba daga bakina ba."

A nan ya kamata in tsaya. Amma hali ba ya barin mai shi, can sai na ji bakina yana cewa, "To, bas ɗin sun zo a kan lokaci?"

Ta yi dariya hawaye na zuba. Ta ce sun zo, lasifika ɗaya ta mutu kamar yadda na faɗa, kuma babu wanda ya tafi sai da aka raba abinci. Ba zan ɓoye muku ba, wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗi, sai da na yi istigfari.

Lorna ta ci gaba da aikinta har kwantiraginta ya ƙare, ta samu wani a wata ƙasar, shi ya sa yau nake iya ba da labarin. Adiza har gobe ta ɗauka kuskuren kala ne kawai, kuma duk sanda muka yi faɗa sai ta tuna mini. A asibiti kuwa sunana ya koma Mama Bakan Gizo, sababbin ma'aikata ma da ba su san dalili ba haka suke kirana, ina amsawa.

Ankon yana nan a ƙasan akwatina. Ba zan iya jefa shi a bolar gidanmu na Doha ba, don mai gadi ya san jakar kowa. Ba zan iya kai shi Zariya ba, don 'ya'yan ƙannena ba sa barin akwati a rufe. Duk sanda na ɗaga kaya na hango jan ratsin, sai in mayar in danne. Yanzu idan na ga zobe a yatsar wata, nakan ce ya yi kyau in kama gabana. Idan kuma tela ya tambaye ni ko na tabbata, sai in nemi kujera in zauna, in ce ya faɗa mini abin da ya gani.