Yadda Za Ka Cinye Lambun Ubanka da Teburin Salak

Ƙanena Kamaluddeen ya buɗe teburin salak a wani shago a bakin tashar Ƙaura Namoda, ya rufe shi bayan kwana arba'in da ɗaya. Ga wanda Allah ya tsare bai taɓa gani ba, teburin salak wani dogon tebur ne da ake jera ɗanyen ganye a kai a gidan abinci, mutum ya biya kuɗin faranti ɗaya, ya ɗiba da hannunsa iya son ransa. Kafin wannan tebur, Kamalu yana da lambu a bakin gulbin Gagare, gadon mahaifinmu, da rijiyar da tsohon ya haƙa da hannunsa a ciki.

Ni Hashimu, shekara ashirin da shida ina jan mota tsakanin Ƙaura, Zurmi da Shinkafi, kuma komai a gabana aka yi. Idan kai ma kana da gadon da ya yi maka nauyi, kana neman hanyar sauke shi ba tare da caca ko shaye-shaye ba, har mutane su riƙa ce maka wayayye, to bi matakan nan. Na ba ka tabbaci, kafin rani ya raba ba ka da ko fangali ɗaya.

Mataki na ɗaya: Je birni ka dawo da tarihi

Wata uku ya ishe ka. Kamalu wata uku ya yi yana wanke faranti a wani otal a Abuja, ya dawo da takalmi mai tsini da labari.

"Yaya," in ji shi, "abin nan a Amurka aka fara shi, shekara sittin ko saba'in ke nan. Har yau gidajen abinci uku ko huɗu na gardama, kowa na cewa shi ya ƙirƙira."

Ka ji fa. Manyan mutane masu jirgin sama suna faɗa a kan wa ya fara ɗora ciyawa a tebur.

Na ce mene ne amfaninsa? Ya ce dabara ce. Mutum zai cika cikinsa da ganye mai arha kafin nama ya iso, kuma ba sai ka ɗauki masu kai wa mutane abinci ba. Na ce to kai ina namanka? Ya ce nama sai a hankali. Riƙe wannan da kyau: idan za ka kwaikwayi Bature, ɗauko rabin dabarar kawai, ka bar masa rabin da ke kawo riba.

Ya ƙara da cewa a can masu ƙiba ne ke rububin ganye don su rame. Kada ka tsaya tambayar kanka wa ke biyan kuɗi don ya rame a Ƙaura, inda ake ramewa kyauta.

Mataki na biyu: Raina sana'ar uwarka

Wannan dole ne. Mahaifiyarmu Inna Kubura shekara talatin tana sayar da datu a ƙofar gida: zogale, rama, latas, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da ɗan mai da yaji. Da shi ta aurar da mu duka. Wato salak ɗin da ake gardama a kansa a Amurka, a gidanmu ya girmi Kamalu. Amma kai ka je gabanta ka yi mata bayani kamar ba ta taɓa ganin ganye ba.

Ta saurare shi har ya gama. Sai ta ce, "To, wa ka zuba ma mutane?"

"Su za su ɗiba da kansu, Inna. Ai shi ne ci gaban."

Ta yi dariya har ta share ido da bakin zane. Ta ɗaga cokalin da take awo da shi ta ce, "Kamalu, shekara talatin ban taɓa sakin cokalin ga ba. Ko atishawa za ni yi, da shi a hannu nike yi. Ganye kowa na da shi bayan gida. Hannun mai zubawa shi ne sana'ar."

Idan uwarka ta faɗi irin wannan, yi murmushin tausayi, ka ce ita mutumiyar da ce.

Mataki na uku: Sayar da ƙasar da ke haifar da ganye, ka sayi gilashin rufe shi

Nemi maƙwabcin da ya daɗe yana leƙen gonarka. Namu shi ne Alhaji Mainasara, dillalin albasa, wanda lambunsa ya yi iyaka da na Kamalu amma ba shi da rijiya. Tun mahaifinmu na da rai yake kallon rijiyar nan kamar yadda mai azumi ke kallon randa. Kamalu ya sayar masa da rabi, ya riƙe rabin da rijiya take. Alhaji bai yi ciniki ba ko kaɗan. Ka ji tsoron mai sayen da bai ja ciniki ba, amma kada ka ji tsoron yanzu, bari sai daga baya.

Da kuɗin sai ka sayi firji, da janareta, da farantan tangaran, da wasu 'yan ƙarafan ɗiba masu kama da awartakin maƙeri. Sannan gilashi. Kamalu ya ce wani Bature ne ya ƙago dogon gilashin da ake kafawa saman tebur don kada a yi atishawa a kan abinci. Sai da aka je Gusau aka yanko shi. Ƙudan tasha kwana ɗaya suka yi suka gane ta ƙasa ake shiga. Mutane kuma suka bi sawunsu, kowa ya sunkuya ya cusa kai ƙarƙashin gilashin don ya shinshina.

Kada ka manta ka aika Jos a kawo maka kokwamba da wani kabeji mai launin makuba. Latas ɗin lambunka na ƙauye ne.

Mataki na huɗu: Rubuta alkawari a allo, a tashar mota

Sa a rubuta maka da manyan baƙaƙe: BIYA SAU ƊAYA, ƊIBA IYA CINKA. Kafa shi inda direbobi da 'yan kamasho za su gani, mutanen da aikinsu ke nan su cusa fasinja tara a motar mutum biyar.

Wanda ya buɗe fage shi ne Sha'aibu ɗan kamasho. Na tsaya na ga aikin gwani. Ya jera ganyen kabeji a bakin faranti suka leƙo waje, faranti ya ninka faɗinsa. Ya kafa karas a gefe kamar ƙarafan bodin tirela. Dafaffen ƙwai da kifin gwangwani a ƙasa, kaya masu nauyi ke nan, wake a tsakiya, tumatir a sama, ya malale da farin man nan na kwalba don ya riƙe lodi. Ya ɗauko da hannu biyu, haɓarsa na tokare da saman. Ko yankan albasa ɗaya bai faɗi ba.

Sai ya tsaya gaban Kamalu ya ce, "To, maigida, ina gyara?"

"Wane gyara kuma? Kai fa ka ɗiba da kanka!"

"Ai shi ya sa. Wanda na ɗiba haƙƙina ne, na biya. Gyara kuwa daga hannun mai kaya yake fitowa. Ko goro ka saya sai an ɗora maka. Kai a wane gari aka haife ka?"

Mutane suka ce gaskiya ne. Kamalu ya ji kunya, ya ɗora masa ƙwai ɗaya. Daga ranar ya zama doka. Yi haka kai ma. Mai kaya da ba ya gyara, ko gawarsa ba a rububin ɗauka.

Mataki na biyar: Manta cewa tumatir kayan miya ne

Kai a idonka salak ne. A idon magidanci kuwa tumatir ne da albasa da tattasai, har an wanke an yanka. Cikin mako guda kowa ya koyi zuwa da leda a aljihu. Ba zan ɓoye maka ba, matata Saliha sati uku ba ta tambaye ni cefane ba. Ƙanena ne, idan ban ci ba bare zai ci.

Da yamma za ka tarar ƙwai ya ƙare, kifi ya ƙare, wake ya ƙare. Kabejin Jos kaɗai zai rage, don an ce mai irin wannan launi ba lafiya gare shi ba. Idan aka ɗauke wuta, man janareta ya ƙare, latas zai kwanta kamar tsohuwar hula. Zuba wa awakin tasha. Su kaɗai ne a garin suka fahimci tsarin tun ranar farko.

Mataki na shida: Saurari mai yabonka kawai

Alhaji Mainasara kullum sai ya zo bayan azahar. Ba ya lodi. Yankan kokwamba uku zai ɗauka da awartakin nan, shi kaɗai ke amfani da shi a duk Ƙaura, ya zauna yana taunawa a hankali.

"Ɗana," yakan ce, "wanga shi ne ci gaba. Kada ka saurari mahassada. Ni a ganina ma teburin ya yi ƙanƙane. Ƙara masa tsawo. In ka matsu, ka san gida."

Ƙara masa tsawo.

Mataki na bakwai: Cika tebur ranar Alhamis

Alhamis kasuwar Shinkafi ke ci, motoci ta Ƙaura suke bi. Kamalu ya zuba duk abin da ya rage masa a tebur, ya cika shi baki da baki. Da hantsi sai labari ya zo cewa an ga mutanen daji a hanya, kada kowa ya wuce sai an ji daga jami'ai. Motoci suka taru a tasha, har da tawa da fasinjana tara. Mutum ya fi ɗari, yawancinsu ko karyawa ba su yi ba, kuɗinsu kuma na kasuwa ne, ba na ciye-ciye ba.

Wani dattijo mai fataucin shanu daga Moriki, Malam Muhtari, ya shiga ya biya faranti ɗaya. Ya cika, ya fito ya zauna a bencin ƙofa. Wani ya wuce ya yi masa sallama. Malam Muhtari ya amsa, ya tura faranti gaba ya ce, "Bismillah."

To mutumin kirki ne, an yi masa tarbiyya. Duk wanda ya haɗa ido da shi sai ya ce masa bismillah. Faranti ya ƙare, ya tashi ya sake cikawa, allo ya ba shi izini. A zuwa na shida Kamalu ya tare shi.

"Baba, don Allah, faranti ɗaya na mutum ɗaya ne."

Dattijo ya dube shi sama da ƙasa. "Ɗana, mi kake cewa? In zauna ina tauna, Musulmi na tsaye suna kallon bakina, tun asuba ba su sa komi a ciki ba? Ɗan wa ne kai a garin ga?"

Wani daga baya ya ce, "Ɗan marigayi mai lambun bakin gulbi ne."

"Allahu akbar! Wanda in ka ratsa lambunsa sai ya cika maka riga da tumatir? Ashe gida na zo."

Ido ɗari suka koma kan Kamalu. Me zai ce? A Abuja ba a ba shi amsar wannan ba. Da bakinsa ya ce, "Bismillah, ku shigo."

Kafin la'asar har kabejin Jos ya tafi. Aka buɗe hanya, Malam Muhtari ya tara jama'a aka ɗaga hannu aka yi wa Kamalu doguwar addu'a, aka shafa, kowa ya hau mota. Ban taɓa ganin mutum ya sha albarka haka yana riƙe da bango ba.

Mataki na takwas: Idan aka buɗe maka ƙofar tsira, rufe ta da ƙafa

Washegari Inna Kubura ta yafa mayafi ta zo tasha da kanta, cokalinta a hannu. Ta dubi tebur, ta ƙwanƙwasa gilashi, ta ce, "Wurin ga na da kyau, ga mutane. Kawo kujera in zauna nan. Latas daga lambunka, ƙuli daga gida, ni in riƙa zubawa. Ka sauke allon can. Wata biyu ka miƙe."

A nan ne ake gane gwani. Mai rabin wauta zai ce to. Kamalu ya dubi 'yan tasha da suka taru suna saurare, ya dubi takalminsa mai tsini, ya ce, "Inna, ai in kin zuba musu ya zama datu ke nan."

"To da mi ne?"

Ya juya yana goge gilashi. Da ta tafi ya nufi gidan Alhaji Mainasara. Alhaji har ya riga ya tanadi shaidu, kamar mai jiran baƙo. Rabin da rijiya take ya tafi, tebur ya sake cika, Sha'aibu ya kawo abokansa daga tashar Zurmi su ga yadda ake lodi. Kwana tara aka ƙara.

Sanarwa

Duk wanda ya bi matakan nan ya ga sakamako, kada ya zo tasha nemana. Ban san shi ba, ban aike shi ba, kuma motata ba ta ɗaukar mai kuka sai ya biya kujera biyu. Ba ruwan Sha'aibu, allo ya karanta. Ba ruwan Malam Muhtari, ladabi ya yi. Mutanen Amurka ma ba ruwansu, su da namansu suka haɗa.

Gilashin yana ƙofar gidanmu, Inna ta jingina shi tana kare tiren datu daga iska. Ta ce abu ɗaya ke nan mai amfani da Bature ya aiko.

Kamalu kuwa ya koma lambu. Kullum da sassafe yana can bakin Gagare, wando a naɗe, yana jan ruwa daga rijiyar da ubanmu ya haƙa, yana shayar da latas ɗin Alhaji Mainasara a kan ladan yini. Shekaranjiya na bi ta wurin, na ga ya sunkuya zai tsinki ganye ɗaya ya kai baki. Alhaji na zaune a inuwa, ko tashi bai yi ba.

"A'a, ɗana," ya ce. "Nan ba a ɗiba da kai."