Injiniyar Kawuna Ta Shiga Talabijin

Ba kowace unguwa Allah ke yi wa baiwar babban mutum ba. Wata a ba ta likita, wata a ba ta alƙali, su yi ta murna da ɗan abin da suka samu. Wannan unguwa kuwa da aka tashi yi mata, sai aka ba ta Injiniyar Kawuna sukutum.

A da Ƙaramar Anti ake ce mata, don shagon kitson na mata biyu ne, ita da yayarta. Shago ne ɗan tsukuku tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da magani: kujeru uku, madubi mai tsaga a kusurwa, na'urar busar da gashi mai ƙara kamar babur, sai talabijin a saman wata kanta. An raba aiki bisa adalci. Yaya ta yi kai shida a wuni, Ƙaramar Anti ta yi ɗaya, sannan ta yi wa sauran bayanin yadda ya kamata a ce an yi musu. Ba wai ba ta iya ba ne. Yayar ce ta koya mata tun tana 'yar shekara tara, kuma hannunta ya faɗa. Bakinta ne dai ya riga hannun girma.

Ran nan wani gidan talabijin ya nemi mutum goma sha biyu da za a kulle a gida ɗaya kwana arba'in, kyamara na kallon cinsu da shansu da faɗansu, duk mako masu kallo su kori wanda ya gundure su. Ta aika bidiyo, aka ɗauke ta. Wayar ta same ta tana tsakiyar kan wata malamar makaranta. Ta ajiye mataji, ta miƙe, ta gyara murya.

"Yau duniya ta farka daga barci. Daga yanzu kada wanda ya ƙara ce mini mai kitso. Ni injiniya ce. Wani ya tsara gada, wani ya tsara bene, ni kawuna nake tsarawa."

Malamar ta ce, "To Injiniya, ɗaya ɓarin fa?"

Yaya ta jawo kujera ta ƙarasa.

A gidan kyamara Injiniya ta nuna hazaƙa tun ranar farko. Ta gano cewa ɓarin fuskarta na hagu ya fi fita, don haka ta koma tafiya a karkace. Kuka ma da idon hagu take fara shi. Ta sami wata kyamara fara a rufin kicin wadda ba wanda ya damu da ita, ta kwana uku tana ɗaga kai tana ba ta tarihin rayuwarta, kafin wani abokin zamansu, direban tasi, ya gaya mata cewa wannan na'urar jin hayaƙi ce. Ta ce ai ta sani, atisaye take yi.

Masu kallo suka ƙi korarta. Ita ta ɗauka hikimarta ce ta kama su. Su kuwa sun ce tun da aka kafa tashar ba su taɓa dariya haka ba.

A kwana na ashirin da shida aka tambaye ta yadda ta fara. Ta juyo da ɓarin hagu.

"Ni ba a koya mini ba, da abina aka haife ni. Gaskiya ɗaya ce, duk garinmu babu mai kitso sai ni. Sauran masu yamutsa kai ne. Ko yayata, don tausayi na ajiye ta a shagon tana miƙo mini mataji."

A lokacin shagon cike yake da mata, kowa ido a kan talabijin. Aka juyo ana kallon Yaya. Yaya ta lakato mai ta shafa a tsaga, ta ce wa wadda ke gabanta, "Ɗan sunkuyo."

Mako guda bayan nan aka kore ta, ko kuma, yadda ita ta faɗa, ta ba yara wuri. Ta dawo da baƙin tabarau da safar hannu, wai kada iska ta taɓa yatsun da ƙasa ta sani. Shago kuwa ko leƙe. Ta yanke kirtanin buɗe wani kantin bokitai, ta yi tallar injin markaɗe, tana tsayar da mutane a titi tana ba su izinin ɗaukar hoto da ita.

Sai ga takarda daga tashar. Ranar Asabar ƙarfe huɗu za a tara su goma sha biyun kai tsaye, kuma darakta za ta sanar da sabon shiri. Injiniya ba ta yi shakkar na wane ne ba. Ta rubuta jawabin godiya shafi uku. Ranar Juma'a ta tsefe kanta, don ta san duk shagon da ta shiga sai sun rufe ƙofa don murna.

Da safe ta shiga na farko. Mai shagon ta tarbe ta da fara'a, ta ce, "Ranki ya daɗe, mu ina mu ina kan Injiniya? Sai mu yamutsa miki." Na biyu suka ce haka, na uku ma haka, kalma ba ta canza ba, kamar sun yi taro. Ta koma gida ta kafa madubi biyu, ta yi layi uku a gaba. Da ta kai ƙeya sai ta tarar injiniyanci bai ƙara wa hannu tsawo ba. Sha ɗaya ta wuce, kai ya tashi buzu-buzu, jawabi na jira a jaka.

Ta ɗaura ɗankwali har gira, ta nufi tsakanin mai gyaran waya da mai magani.

"Yaya, na zo in ba ki dama. Kan nan yau mutum miliyan za su gan shi."

Yaya ba ta ɗago ba. "Akwai mutum uku a gabanki."

Injiniya ta zauna a benci tana duba agogo. Matan uku ba wadda ta ce ta wuce gaba, ɗaya ma ta canza shawara ta ce ƙanana take so. Sai wajen biyu da rabi layi ya zo kanta. Ta cire tabarau da kanta, ta ce a hankali, "Yaya, maganar nan ta talabijin..."

"Riƙe mini matajin nan, ki riƙa miƙo mini."

Ta riƙe. Yaya ta yi kitson nan ba ja ba mugunta, tsaga ɗaya ba ta kauce ba, layuka suka taso daga ƙeya suka naɗe a tsakiya kamar an zana da alƙalami. Matan da suka tsaya kallon faɗa suka ɓige da kallon kai.

A tashar kuwa abin ya yi kyau fiye da zato. Kyamara ta manne mata, har mai ɗauka ya zagaya bayanta ya daɗe a can. Ba a sanar da komai a fili ba, amma ana tashi darakta ta biyo ta baranda da sauri, waya a hannu. Injiniya ta tsaya, ta juyo da ɓarin hagu, ta zaro shafi uku.

"Mun daɗe muna neman wadda za mu ɗora sabon shirin a kanta," in ji darakta. "Shiri ne na masu sana'ar hannu. Yau na gani da idona. Don Allah ba ni lambar wadda ta yi miki wannan kitso."

Injiniya ta yi gyaran murya. "Ai ni na koya mata."

Darakta ta ce madalla, ta ci gaba da jiran lambar.