Ranar da Surukina Ya Tura Ni

Ranar sunan ɗan ƙanin matata na shiga garin Mamudo ina ji da kaina, don na sa wa motata wayifai, 'yar na'ura mai layin waya da ake sokawa a ramin caja. Na tsaya a ƙofar gidan surukina, na kashe inji, na bar makulli a kunne, na ce kowa ya jona wayarsa ya hau intanet.

Matata ta leƙo ta ce, "Baban Amira, ba za ta cinye batir ba?"

Na ce, "Wannan 'yar abar? Koma ciki."

Har rediyo na ƙure musu, don a san gidan ya yi suruki.

Ƙarfe ɗaya surukina ya fito da aminansa biyu, zan kai su Juma'a Potiskum. Na murɗa makulli, mota ta ce ƙyas, ta yi shiru. Samari kuwa duk sun wuce masallaci.

Mutumin da ko ido ba na iya haɗawa da shi ya naɗe babbar rigarsa, ya ce wa dattawan, "Bismillah." Ina kan sitiyari ina gumi, ina kallonsa ta madubi yana tura ni. Sai a turi na uku ta tashi. Mun samu sallah, a sahun ƙarshe.

Allah ya saka wa Baba da alheri, bai taɓa tayar da maganar ba. Aminansa kuwa, duk ranar da na je gaisuwa sai sun tambaye ni, "Yau jonawa za mu yi, ko mu naɗe riguna?"