Mai Gyaran Fanka da Aka Shafe da Manja

Wani ne a Duwala, can unguwar Bepanda, mai gyaran fanka. Gyaran dai ga shi nan. In ka kai masa fanka ba ta juyawa, zai dawo maka da ita tana juyawa, sai dai bango take yi wa fifita. Shi ko a jikinsa, don a ganinsa zaman wucin gadi yake yi a garin. Turai za shi. Sau huɗu yana neman biza, sau huɗu ana miƙo masa fasfonsa fes yadda ya kai shi. Duk da haka ya shiga gwanjo ya sayo wata rigar sanyi mai gashi a wuya, yana zumbula ta da rana tsaka, wai yana saba wa jikinsa tun daga nan.

Wata rana aka kira shi gyara a ɗakin aikin wani mai zane, Dikonge. Shi Dikonge ya daɗe da ajiye fenti da buroshi, yanzu da jikin mutum yake aiki. Ya taɓa binne kansa a yashi har wuya na yini guda, mutane suka zo suka kalla, jarida ta buga. To mutumin namu yana kan tebur yana kwance fanka, zufa ta ishe shi, ya cire rigar sanyin, ya cire ta ciki. Dikonge ya ajiye kofin da ke hannunsa, ya zagaya teburin sau biyu.

"Ɗan'uwa, ina ka samo wannan haƙarƙari?"

"Na gado ne, maigida."

"Daga tsallaken titi ana ganinsa. Wata uku ina neman irinsa."

Sai ya yi masa bayani. Za a yi bikin masu fasaha a garin, kuma wata Baturiya, Madam Gudrun, za ta zo daga Jamus ta zaɓi aiki guda ɗaya a tafi da shi can a nuna.

"Aikin da ta zaɓa, jirgi zai hau," in ji Dikonge.

"Aikin naka yana ina?"

"Kai ne aikin."

Mutumin ya diro daga tebur, ya bar fankar tana reto da waya ɗaya.

"Za ka kwanta a kan ganyen ayaba. A shafe ka da manja, a barbaɗa maka sukari. Kai ne ƙasar nan bayan an gama tatsar ta."

"To madalla. Da wace riga?"

"Babu riga."

"Wando fa?"

"Ka taɓa ganin ƙasa da wando?"

"Ɗan kamfai dai? Ina da ja, zai saje da manjan."

"Yadda uwarka ta haife ka."

Mutumin ya sunkuya ya dubi wandonsa. Can ya ɗago ya ce, "A ofishin biza ma babu abin da ban nuna musu ba. Wannan kaɗai ya rage. Na yarda."

"Doka biyu ce," in ji Dikonge. "Ta farko, awa uku ba motsi, ba magana. Ta biyu, duk abin da ya faru a filin nan, cikin aikin yake. Ko ruwa ya sauko, ko kaza ta bi ta kanka, ba wanda zai sa hannu. 'Yan kallonmu sun san wannan, masu ilimi ne."

Da yamma ya biya wurin gwaggonsa, Mama Endale, mai gasa kifi a bakin titi, ya ba ta labari yana washe baki. Ta juya kifinta, ta yi masa kallon sama da ƙasa.

"Tsirara? A gaban jama'a?"

"Mama, fasaha ce. Ba za ki gane ba."

"Na gane mana. Mahaukacin bakin gada shekara goma yana wannan fasahar, ko Yawunde ba a kai shi ba." Ta tura masa kan kifi da miyondo biyu, wato tuwon rogo da ake naɗewa a ganye. "Ci. Zan zo in gani da idona, don in san abin da zan gaya wa uwarka a ƙauye."

Ranar Juma'a aka wayi gari da ruwa, wajen azahar ya ɗauke. A tsakar wani tsohon sito kusa da kogi aka shimfiɗa ganyen ayaba. Mutumin ya tuɓe, aka shafe shi da manja tun daga goshi har tafin ƙafa, aka barbaɗa sukari, ya kwanta rigingine yana ƙyalli. Ƙarfe biyu aka buɗe ƙofa.

Awar farko babu abin da ya faru. Mutane suka riƙa zagaya shi da kofuna a hannu, wannan ya karkata kai hagu, wancan ya karkata dama. Wani mai tabarau da ke rubutu a jarida ya tsugunna ya daɗe yana nazarin gwiwarsa. Shi kuwa ya kafa wa sama ido, kunya kamar ya nutse, yana ta maimaita Jamus a zuciyarsa. Ta wutsiyar ido ya hango Madam Gudrun ta yi hamma sau biyu, ta ciro waya tana latsawa.

Ashe ruwan safe ya tayar da kwarkwasa daga gindin katanga, irin jajayen nan masu cizo da ke tafiya a jere. Kun san ta da manja. Ta ɗauko layi ta ratso tsakanin ƙafafun 'yan kallo, su kuma suka dinga matsa mata cikin ladabi, tunda cikin aikin take.

Daga babban yatsa ta fara. Ya daure. Ta hau ƙwauri, ya cije leɓe. Ta wuce gwiwa, hawaye ya gangaro ya gauraya da manja, bai motsa ba. Da ta haye cinya ta shiga unguwannin da ba a ambata, sai ya ga Jamus ta yi masa nisa. Ya yi magana ta gefen baki.

"Maigida."

"Shhh."

"Maigida, na yi baƙi."

"Ƙasa ba ta magana," in ji Dikonge a hankali.

Ai kuwa ƙasa ta yi magana. Ya kurma ihun da sai da tsuntsaye suka tashi daga rufin sito.

"Wayyo Allah! Jama'a ku taimake ni! Suna cina da rai!"

Mai tabarau ya zaro biro. "Kun ji? Suna cinsa da rai. Bankunan waje ke nan."

"Wallahi ba wasa nake ba!"

Wata mata mai aski irin na maza ta gyaɗa kai. "Lallai ba wasa ba ne. Wa ya ga wasa a halin da muke ciki?"

"Ruwa! Ku watsa mini ruwa!"

"Har matsalar famfo ya taɓo," in ji mai tabarau, yana rubutu da sauri.

Madam Gudrun ta mayar da waya jaka, ta matso gaba.

Duk filin mutum ɗaya ce ba ta da ilimin fasaha, Mama Endale. Ta zare silifas ɗinta ta nufi ganyen ayaba. Mai gadi ya tare ta.

"Mama, ba a taɓa aiki."

"Aikin gidanku! Ɗan ƙanena ne!"

"Ko ɗan wane ne, sai ƙarfe biyar."

Ta ture shi gefe, ta hau ɗan ƙanen nata da silifas tun daga wuya har ƙafa. Rabin dukan na kwarkwasa ne, rabin kuwa na abin kunyar da ya jawo wa dangi, kuma ba ta tsaya bambantawa ba.

"Uwa Afirka ta iso," in ji mai tabarau.

Mutumin ya zabura, ya zagaya tsakar siton sau uku a guje, manja na ɗiga, Mama Endale na biye da shi, ya ƙare a cikin wani duro da ruwan sama ya cika. Kansa kaɗai ake gani. Wurin ya ɗauki tafi, har da masu fito. Madam Gudrun ta zo bakin duron tana share hawaye.

"Shekara ashirin ina yawon duniya ina kallon masu tuɓewa," in ji ta. "Ban taɓa ganin wanda ya taɓa mini zuciya kamar wannan ba."

Daga cikin duro ya ce, "Madam, yaushe ne jirgin?"

Ta ce da sauran magana. Ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba, akwai kwamiti a can gida, kuma ba ta ɗauki hoto ba. A maimaita mata ranar Lahadi, daidai yadda aka yi yau, ta ɗauka a bidiyo.

To mutumin namu ba wawa ba ne, shi da kansa ya sha faɗin haka. Ranar Lahadi tun da hantsi ya riga kowa zuwa, ya zagaye ganyen ayaba da toka, ya bi gindin katanga da kalanzir. Aka shafe shi, ya kwanta hankali kwance. Da ya ƙiyasta awa guda ta cika, sai ya fara shure-shure yana ihu.

"Wayyo. Suna cina. Wayyo Allah, jama'a."

Ko ƙuda bai sauka a kansa ba. 'Yan kallo suka fara duban agogo. Madam Gudrun ta kashe na'urarta.

"A'a. Wannan ihun daga maƙogwaro yake fitowa. Na shekaranjiya daga ciki ya fito."

"Madam, zan iya ƙara ƙarfi."

"Ba ƙarfi nake nema ba, gaskiya nake nema. Talata zan tashi. In gobe ba a samu ba, akwai wani a Bonaberi da ke cin takarda, shi zan ɗauka."

Dikonge ya zagaya yana shinshina iska, ya sa ƙafa ya shafi tokar.

"Wa ya zuba kalanzir a aikina?"

"Ƙila cikin aikin yake, maigida."

Dikonge bai yi dariya ba. Ya ce masa ya zaɓa, ko baƙinsa su dawo gobe, ko ya koma ya ƙarasa fankar da ya bari tana reto.

Ranar Litinin da sassafe aka ga mutum da bokiti da tsintsiya yana wanke tsakar sito. Da ya gama ya ɗauki kwalbar manja ya shiga neman kwarkwasa. Ta yi ƙaura. Ya duba gindin katanga, babu. Ya duba bola, babu. Sai can bayan wata gonar rogo ya same ta tana harkar gabanta. Ya tsugunna a gaban layin.

"Ku yi haƙuri da abin da ya faru jiya," in ji shi. "Sharrin shaiɗan ne. Ku zo yau kaɗai, ba zan sake neman wata alfarma ba."

Ya riƙa ɗiga manja yana ja da baya, ɗigo bayan ɗigo, tun daga gonar rogo har kan ganyen ayaba. Masu wucewa suka tsaya suna kallo, wani ma ya tafa, ya ɗauka an fara.

Kwarkwasa ba ta riƙe shi a zuciya ba. Ta zo, har da dangi na nesa. Mama Endale ta ce ita ba za ta sake taka wurin ba, amma ta aiko da silifas ɗin, Dikonge ya yi aikin da kansa. Wannan karon mutumin ya yi ihu da yaren Duwala, ya yi da Faransanci, ya yi da wani yare da Madam Gudrun ta rantse Jamusancin ƙauyen kakarta ne. Duron ma da ya faɗa, an manta ba a cika shi ba. Madam ta ɗauki komai, ta rungume Dikonge, ta ce wannan aiki ya riga ya hau jirgi.

Kwana huɗu mutumin yana barci a tsaye, jingine da ƙofa. Ya je ɗaukar sabon hoton fasfo, mai hoto ya ce ya dawo in fuskar ta sace, don wannan ba za ta shiga takarda ba. Bai damu ba, murna ta hana shi jin zafi. Ya mayar wa mutane fankokinsu yadda suka kawo, ya raba wa maƙwabta sukundireba da filaya, ya sallami ɗakin haya. Ya bi gida gida yana sallama, yana tambayar kowa tsarabar da yake so. Mama Endale da kanta ta sauko, ta ɗaure masa busasshen kifi da ganyen ndole na miya, ta ce in ya isa ya riƙa sa wando ko don sanyi.

Bayan sati uku labari ya iso Bepanda cewa takardu sun fito. Ya saɓa jaka ya nufi ɗakin aikin Dikonge, rabin unguwa suka rako shi har bakin titi.

Ya tarar da Dikonge tsugune gaban wani akwatin gilashi mai murfin raga, cike da jar ƙasa, an manne shi da takardu masu hatimi ta kowane gefe. A ciki kwarkwasa ce ke kai da kawowa. Dikonge na ɗiga mata manja da gashin kaza.

"Maigida, an ce takardu sun fito."

"Sun fito. Tawa da tasu. Kar ka jingina da akwatin, likita ya ce ba a so ransu ya ɓaci kafin tafiya."

"Tawa fa?"

"Taka ta me?"

Mutumin ya saki jakar, kifi ya watse a ƙasa.

"Maigida, kai da bakinka ka ce ni ne aikin! Ni na tuɓe! Ni aka ciza! Ni na je har gonar rogo na ba su haƙuri!"

"Duk an gani a bidiyo, kwamiti ya yaba ƙwarai," in ji Dikonge, bai ko ɗago kai ba. "Amma ɗan'uwa, masu tuɓewa suna da su a can birjik, har layi suke yi. Kwarkwasa ce babu."